Garken da Ke Cikin Baba Manga

Shekara shida ina riƙe da kemis a Abbare, ban taɓa yi wa Baba Manga musu ba sai ranar Juma'ar nan. Shagon nasa ne, ni 'yar haya ce. Tsohon makiyayi ne da ya dawo gari bayan cuta ta cinye masa shanu, ga shi yana fama da ciwon suga.

Kowace Juma'a kafin masallaci sai ya miƙo hannu, in zuba masa kafso huɗu masu ja da baƙi, irin na kashe ƙwayoyin cuta. Ba ciwo ba komai, wai wankin ciki ne. Allah ya yafe mini, na daɗe ina ba shi. Sai da na je bitar masu kemis, wata likita ta wanke mu tas a kan irin wannan ɗabi'a, na dawo kunya kamar in nutse.

"Baba, yau babu."

"Sun ƙare ne?"

"Ga su can a kanta. Ba zan ba ka ba ne."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke Lois, a cikin shagona?"

Na yi masa bayani dalla-dalla. Akwai wasu ƙananan halittu a hanjin mutum, ido ba ya ganinsu. Su ke kula da bangon hanji, suna taimaka wa jiki wajen daidaita suga, balle in girma ya zo. Kafson nan kuwa ba ya tambaya, mugu da nagari duk share su yake yi.

"Wato tsutsa kike so in yi kiwo?" Ya buga sandarsa a ƙasa. "Ƙarshen wata ki kwashe kayanki!"

Wallahi da shagon nan nake ciyar da gidana. Amma bakina ya riga ni. "Sai dai in kwashe, Baba."

Matarsa, Inna Kadijatu, ta zo har sau biyu tana lallashi. "Haba 'yata, kafso huɗu ne fa. Ba shi ki huta." Na ce Inna, in guba ce huɗu ba ta isa ba? Maƙwabta ma suka sa baki, wai wa ya aike ni. Na yi kunnen uwar shegu da su, na ci gaba da ɗaure kwalaye.

Juma'ar ƙarshen wata sai ga shi a bakin ƙofa. Ya buɗe tafin hannu, kafso huɗu a takarda.

"A tasha na saya. Can ba wanda ya yi mini wa'azi."

"To sha mana, cikinka ne. Amma ba daga hannun Lois ba."

Bai sha ba. Ya nemi kwali ya zauna, ya jima yana juya sandarsa.

"Abubuwan nan naki, su nawa ne?"

"Sun fi shanun Taraba yawa."

"Me suke ci?"

"Wake, gero da dusarsa, kuɓewa, zogale, ɗan kindirmo ba suga. Maganin suganka na asibiti kuma kar ka kuskura ka bari."

Da ya buɗe baki, muryarsa ta sauya.

"Shanu saba'in da uku gare ni. Cuta ta kwashe su ina kallo, ban iya komai ba, sai kuka. Ashe akwai garken da ya rage mini, ni kuma da hannuna nake yanka shi kowace Juma'a." Ya ɗago ido. "Akwai saura?"

Duk tsiwata sai da hawaye suka cika mini ido. "In ka ƙyale su, za su hayayyafa."

Ya miƙe, ya ajiye kafson a kan kanta, ya tura shi gabana da ɗan yatsa.

"Kwance kwalayen nan, kin tare wa mutane hanya. Kuma ki gaya wa Kadijatu ta ɗora wake."