Wasa Uku a Waje

A gidan kallon ƙwallo na Mwadkon, nan Anguwan Rukuba, alƙalan wasa biyu gare mu: ɗaya a cikin talabijin, ɗaya a bayanmu. Na bayan shi ne Baba Rwang, tsohon malamin motsa jiki da ya yi ritaya amma ya ƙi ajiye usur. Tun da aka dakatar da wani ɗan wasa a Turai saboda ya zagi wani da launin fatarsa, Baba Rwang ya yanki kwalin sukari ya shafa masa jan fenti ya mai da shi jan kati, ya ce dokar da ta hau ɗan wasa ta hau ɗan kallo. Muka yi dariya muka yarda. Har yau ina jin haushin wannan dariyar tamu.

Ranar Lahadi katin ya faɗa kan Labaran tela. Alƙalin talabijin ya hana ƙungiyarsa fenareti, Labaran ya miƙe ya kira shi farin banza mai fuska kamar tumatirin kasuwar Farin Gada. Usur ya tashi. Baba Rwang ya ɗaga kwali, ya yanke masa wasa uku a waje.

To, Asabar mai zuwa ƙungiyar Labaran za ta buga wasan ƙarshe na cin kofi, abin da ya shekara goma sha tara yana jira. Har riga ya ɗinka wa ranar.

Gardama ta kaure. Wasu suka ce Baturen bai ji ba, yana can ƙasarsu yana shan shayi. Wasu suka ce da Bature ne ya faɗa mana haka, da mun fasa talabijin. Ugochi mai gasa masara a ƙofa ta leƙo ta ce ita ma ta gani, fenareti ne tsaf. Baba Rwang ya ce ai shi ma ya gani, amma ba fatar mutumin ce ta hana fenaretin ba. Mwadkon ya kawo bidiyon da ya ɗauka a waya don ya wanke Labaran, sai ga shi ashe sau biyu ya faɗa. Da ƙyar muka hana a mai da hukuncin wasa shida.

Dalyop bakanike ne ya samo mafita. Shekara goma sha ɗaya suna zama a benci ɗaya da Labaran, ƙungiyoyinsu ba sa ga maciji, kullum suna tsokanar juna.

"Oga Rwang, doka ya ce wasa uku. Ya ce sabon wasa?"

Baba Rwang ya amince a saka tsofaffin wasanni, bisa sharaɗi: kowanne minti casa'in cif, gida cike da 'yan kallo, Labaran kuma yana waje ya juya baya.

Haka muka rufe shagunanmu ranar Alhamis da rana tsaka, manyan mutane masu iyali, muka zauna kallon wasannin da muka san sakamakonsu. Kafin a kai na biyu mun manta. Akwai wanda ya riƙa addu'ar fenaretin bara ya shiga a wannan karon. Labaran yana waje cikin yayyafi, ya ci masara huɗu.

Wasa na uku shi ne wanda aka fitar da ƙungiyar Dalyop da ƙwallon satar gida. Saura minti biyu a tashi ƙwallon ta sake shiga, alƙali ya sake yarda. Dalyop ya yi tsalle ya ƙunduma wa mutumin zagi, tun daga fatarsa har hancinsa. Usur ya tashi.

Ranar Asabar Labaran ya shigo cikin sabuwar rigarsa, muka yi masa tafi. Dalyop yana waje ya juya baya, don babu wanda zai sake rufe shago. Minti ashirin da fara wasa ƙungiyar Labaran ta zura ƙwallo. Ya kai hannu zai daki kafaɗar Dalyop kamar kullum, hannun ya faɗa kan katako. Na ga fuskarsa, kuma tausayinsa ya kama ni.

Ya zauna jim kaɗan. Sai ya tashi, ya ce wa mutum biyun da ke ƙarshen bencin su ɗaga, ya sunkuci bencin ya nufi ƙofa. Baba Rwang ya tuna masa cewa hukuncinsa ya ƙare.

"Na sani, Baba. A nan babu wanda zan yi wa dariya."

Shi da Dalyop suka zauna a waje, sun juya wa bango baya, Ugochi tana leƙawa tana gaya musu abin da ke faruwa. Kofin da ya jira shekara goma sha tara, Labaran bai ga an ɗaga shi ba. Muna ciki muna jin muryarsa ta bango yana tambayar Dalyop ko ƙungiyarsu ma ta san kalar kofi.