Karkataccen Ɗinkin Baba Tela

Wata huɗu ke nan Baba Tela bai ce uffan ba. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ba ta ƙwace masa harshe gaba ɗaya ba, amma in bai riƙa motsa shi ba, maganar ta tafi ke nan. 'Yarsa Auta ta san inda matsalar take. Mutumin da ya yi shekara arba'in bai bar karkataccen ɗinki ya fita daga shagonsa ba, ina zai yarda karkatacciyar magana ta fita daga bakinsa?

Akwai wata halittar wasa da Auta ta sauke a waya, ba don shi ba kuwa, 'yarta ce ta hana ta sakat. Ƙwai ne a allon waya, muryar da ya fara ji ita kaɗai yake bi, da ita yake girma yana sake kama. Auta ta manta wayar a gefen gadon Baba ta tafi shanya. Baba ya yi gyaran murya, ƙwai ya fashe. Jikar ta sha kuka har ta gaji don abin ya zama na Baba, sannan ta raɗa wa abin suna Tsurut.

Da Tsurut ya rasa mai yi masa magana, sai ya koma kwaikwayon abin da yake gani a ɗakin: keken ɗinki, almakashi, rigunan da ke rataye. Ran nan ya ɗinka wa kansa riga, hannu ɗaya har ƙasa, ɗaya iya gwiwar hannu. Auta ta kawo shayi, ta jingina wayar a gaban Baba. Ya kau da kai, ya sake dubawa, fuska ta murtuke.

"War... ware," in ji Baba.

Saura kaɗan kofin ya suɓuce mata. Tsurut ya warware hannun rigar, ya sake ɗinkawa.

"Wu... ya. Ya yi... faɗi."

Daga ranar Baba ya samu ɗan koyo. Safe da yamma faɗa ake sha a ɗakin, kuma Auta, wadda ta tashi tana gudun faɗan nan, sai ta laɓe a bakin ƙofa tana hawaye tana gode wa Allah.

Bayan wata biyu Tsurut ya fara magana, yana jan kalmomi yana sarƙewa, sak Baba. Saƙo ya fito a allo cewa ana iya daidaita masa murya. Auta ta ji tsoron kada kunya ta sake rufe bakin tsohon.

"Baba, a gyara masa?"

Ya kalli Tsurut, wanda ke tsaye cikin riga tsaf yana cewa, "San... nu, Ba... ba."

"Bar shi... haka, Auta," in ji Baba. "Ɗinki... na ne."