Rabin Kofin Baba Holmat

Mohira ce ta fara lura da ƙafar. Aikinta a ƙungiyarsu ta ciyar da marasa gida shi ne zuba shayi, mai zuba shayi kuwa kullum kansa a sunkuye yake, shi ya sa ta san takalman mutanen da ke kwana a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kokand tun kafin ta san fuskokinsu. Takalmin Baba Holmat na dama lafiyarsa ƙalau, har goge shi yake yi. Na hagu kuwa an tsaga shi da wuƙa daga baki har kan yatsu, an ɗaure da igiyar leda, don ƙafar da ke ciki ta kumbura ta fi ƙarfinsa. In tsohon ya matso, akwai wani wari da ko ƙamshin gurasa mai zafi ba ya rufe shi.

Su bakwai ne, duk 'yan aji ɗaya. Kowace Lahadi da ƙarfe goma na safe suke kafa tebur a gindin katangar tashar, su raba gurasa da dafaffen ƙwai da koren shayi. Shugabansu Behruz shekararsa sha bakwai, amma in ka ji shi yana ba da umarni sai ka rantse ya taɓa riƙe bataliya. Shi ya kafa dokar bin layi, shi ya samo manyan kofunan takarda, shi kuma ya ce a cika wa kowa har baki.

"Cikin sanyi mutanen nan suka kwana," in ji shi. "Kada in ga ana musu ƙwauro. Ki cika, Mohira, ba shayin gidanku ba ne."

Ita kuwa cikawa take yi da zuciya ɗaya, har yana zuba a yatsunta.

Da ƙarfe sha ɗaya Dokta Shohista take isowa, ƙanwar mahaifiyar Behruz, in ta tashi daga aiki. A bayan motarta take duba masu tari da masu gyambo. Ranar da Mohira ta kwatanta mata ƙafar, sai fara'ar fuskarta ta ɗauke.

"Ku riƙe min shi har in zo," ta ce. "Irin wannan ƙafar ba ta jira. In dusar ƙanƙara ta sauka a kanta a haka, sai dai maganar yankewa."

To, riƙe Baba Holmat shi ne aikin. Zai zo ya bi layi ba hayaniya, ya miƙa hannu biyu ya karɓi kofinsa, ya tsaya yana kallonsa na ɗan lokaci. Daga nan ya shanye a tsaye da zafinsa, ya dafa ƙirji, ya ja ƙafarsa ya bi ta tsakanin tsofaffin taragai. Babu wanda ya san a wane lungu yake kwana a wurin.

Lahadin farko Mohira ta roƙe shi. "Baba, ku ɗan dakata mana, likita na tafe."

"Na gode, 'yata. Ai an sallame ni," ya ce da ita cikin sanyin murya, ya tafi.

Lahadi ta biyu Behruz ya tare masa hanya, ya shiga yi masa bayanin ƙwayoyin cuta da yatsa a sama. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe, ya sa masa albarka, ya kewaye shi kamar yadda ake kewaye kududdufi. Lahadi ta uku suka yi dabara suka mai da shi ƙarshen layi. Ya jira da haƙurinsa, aka cika masa, ya sha, ya tafi saura minti goma likita ta iso. Ran nan Mohira ba ta iya cin abincin rana ba. Haushinsa take ji, tana kuma jin tsoro, don ta ga igiyar ledar ta fara nutsewa cikin kumburin.

Ranar Alhamis maƙwabcinsu Baba Ergash ya kawo musu ziyara. Mutumin kirki ne, amma in ya fara labarin tantabarunsa sai dai Allah ya kawo ɗauki. Mohira ce ke zuba shayi, kamar kullum in an yi baƙo, ɗan kaɗan a gindin piyola, wato ɗan kwanon shayi marar hannu, ta miƙa, ya kurɓe, ya dawo da ita, ta sake zubawa. Sa'a biyu ana haka, mahaifinta yana ta satar kallon agogo don ana jiransa a wajen ɗaurin aure. Da ta shiga madafa ƙaro ruwan zafi, mahaifiyarta ta kamo hannun rigarta.

"Wannan karon ki cika masa."

"Kai, Umma! Har baki?"

"Har baki. So kike babanki ya tarar an wanke tukwane?"

Ta koma ta cika piyolar taf, ta miƙa tana jin kunya. Baba Ergash ya katse labarinsa a tsakiyar wata farar tantabara. Ya kalli piyolar na ɗan lokaci, ya shanye, ya shafa addu'a, ya ce ashe rana ta yi haka, bari ya koma gida.

Mohira ta tsaya da butar shayi a hannu. Ta san wannan kallon, sau uku tana ganinsa a bayan tasha. Tun tana 'yar shekara shida ta san baƙon da kake so ya zauna kaɗan-kaɗan ake zuba masa, don hannunka ya yi ta komawa gare shi. In ka cika masa, ka ce masa ya sha ya kama gabansa ke nan. Ta san wannan kamar yadda ta san sunanta. Abin da bai taɓa zuwa mata a rai ba shi ne mutumin da ke kwana a bayan tasha shi ma baƙo ne. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta da wanda za ta gaya wa.

Ranar Lahadi ta iso da kaya niƙi-niƙi: butar shayin mahaifiyarta mai zanen auduga, piyola uku a naɗe cikin tawul, 'yar katifar zama da ƙyallen shimfiɗa abinci.

"Wannan fa?" in ji Behruz. "Biki za ki yi mana ba ki gayyace mu ba?"

"Kai dai riƙe layinka, Janar. Ka sa wata ta zuba yau."

"A tsarinmu babu zama a ƙasa."

"To ka rubuta a tsarin naka, ga shi yanzu akwai."

Ta shimfiɗa katifar a inda rana ke bugun katanga, ta gutsuttsura gurasa da hannu a kan ƙyallen. Da ta hango Baba Holmat yana jan ƙafa zuwa layi, sai ta miƙe ta tare shi, hannunta a ƙirji.

"Baba, sannunku da zuwa. Bismillah, ga wuri."

Ya kalli katifar, ya kalle ta, amma bai zauna ba. Ita dai ta durƙusa ta zuba shayin a piyola ta mayar cikin buta, sau uku. Ta zuba wa kanta na farko. Sannan ta zuba ɗan kaɗan, wanda bai wuce kurɓi uku ba, ta miƙa masa da hannun dama.

Tsohon ya daɗe yana kallon gindin piyolar. Can sai ya dafa katanga, ya sauka a hankali yana cije leɓe, ya miƙe ƙafar hagun a gefe, nesa da gurasa. Ya karɓa ya kurɓa.

"Ruwan nan bai gama tafasa ba kika zuba ganye," ya ce.

"A gafarce ni, Baba."

"Kuma ba ki ɗuma butar ba tukuna. Wa ya koya miki?"

"Ummata."

"To ita ta iya, ke ce ba ki saurara ba. Ƙaro."

Ta ƙara. Ashe shekara talatin da ɗaya ya yi yana dafa shayi a wani gidan shayi a Margilan, a bakin rafi, ƙarƙashin bishiyar tut. Ya ba ta labarin wani alƙali da ba ya shan shayi sai a piyola mai tsaguwa, da wasu tsofaffi biyu da suka shekara ashirin suna dara ba su taɓa tambayar juna suna ba. Bai faɗi yadda aka yi ya baro can ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ƙarfe sha ɗaya ta yi babu likita. Sha ɗaya da kwata, shayin buta ya ƙare. Mohira ta ɗaga ido a firgice, sai ga Behruz tsaye a kanta da tafasasshen ruwa, ya tsuguna ya ɗura mata, ya ma gaida tsohon da hannu biyu.

"A'a, mai ƙwayoyin cuta ne?" in ji Baba Holmat. "Zauna ka huta, yau babu lacca?"

Behruz ya sosa ƙeya ya zauna a gefen katifar.

Tsohon ya juya piyolar a tafin hannunsa. "Na san abin da ya sa kike tsare ni, 'yata, ba yaro ba ne ni. Matar nan mai farar riga kike jira. Shekara huɗu ke nan kowa cika min yake yi. Mutanen kirki ne, Allah ya saka musu. Amma babu wanda ya ce in zauna."

Sha ɗaya da rabi motar ta tsaya. Dokta Shohista ta fito da jakarta, ta ga shimfiɗar, sai ta ajiye jakar ta zauna ita ma. Ta karɓi piyola ta uku, ta tambayi tsohon lafiya da sanyi, sai da ta shanye sannan ta ce, "Baba, za ku bari in ga ƙafar?"

Ya sa hannu a kan igiyar ledar, sannan ya dubi Mohira. "Juya bayanki. Ba abin da yarinya za ta gani ba ne."

Ta juya tana fuskantar katanga. Ta ji ƙarar almakashi, ta ji Behruz ya ja numfashi da ƙarfi, ta ji likitar tana tambaya a hankali, nan da zafi, nan fa, nan fa. Sau biyu tsohon ya ce bai ji komai ba.

"Ƙafar za ta tsira in Allah ya yarda, muddin kuka bi ni asibiti yanzu," in ji Dokta Shohista. "Yatsu biyu ne dai sun riga sun tafi. Da sati biyu ko uku baya ne..." Ba ta ƙarasa ba.

Sati uku. Mohira ta tuna shayin da ke zuba a yatsunta, da yadda take jin daɗin kanta tana cikawa. Ta so ta danne kukan, kafaɗunta suka tona mata asiri.

"Ke mai ɗanyen shayi, kukan me kike yi?" in ji Baba Holmat daga bayanta. "Takwas sun rage. Ina ne zan je da ba za su kai ni ba? Zo ki kama min wannan hannun, Janar ya kama ɗayan."

Ta share fuska da bakin gyalenta, ta juyo ta kama shi, suka ɗaga shi zuwa mota.