Gaisuwa a Kan Wayar Yamai

Shekarar da Nasara ke haɗa kayansu, wayar tangaraho ɗaya ce tak daga Damagaram zuwa Yamai, injuna huɗu ke rabonta. Akwai wani faifai mai juyawa da ke ba kowane inji damarsa, ya jefa harafi ya jira zagaye. Dole juyinsa ya yi daidai da na takwaransa a Yamai, in ba haka ba saƙon wani ya faɗa cikin na wani. An yi adalci irin na gwamnati: injuna uku na biron kumandan, wato ofishinsa, ɗaya na sauran bayin Allah. A kan wannan ɗayan Alkasum, ma'aikacin gidan waya, yake zaune.

Da hantsi Hajjo, wata dattijuwa daga Birni, ta zo tagarsa. Mijinta ya rasu da safen nan, ɗansu Lawan kuma soja ne a Yamai.

"Ɗan nan, kada ka jefa masa maganar kamar dutse," in ji ta.

"Haba Iya, ni ma haifata aka yi."

Ya fara bugawa. Sallama, ina gajiya, ina aiki, mutanen gida suna gaishe ka. Shef, Bature mai kula da gidan waya, ya tsaya a bayansa da lissafin kujerun da za a mayar Faransa, yana neman inji na huɗu don ya aika da shi.

"Mene ne wannan? Kalma uku ta isa: uba ya mutu. Tashi."

"Mushe," in ji Alkasum, yadda ake kiran Bature da Faransanci, "a nan ba a faɗa wa mutum mutuwar ubansa a tsaye. Sai an zaunar da shi."

"Ta waya za ka zaunar da shi?"

"Ga shi kuwa ina yi."

"Kujerun kumandan na jira!"

"Ba su da uba, Mushe, za su iya jira."

Sauran ma'aikatan suka duƙufa kan injunansu da himmar da ba a san su da ita ba. Shef ya kai hannu zai tsayar da faifan, sai ya tuna kafin a sake daidaita shi da na Yamai an yi la'asar, injunan kumandan ma duk su tsaya. Hannun ya tsaya a iska. Wayar kuwa ba ta san muƙami ba, kowane zagaye sai ta zo gaban Alkasum ta karɓi harafinsa.

Alkasum ya ci gaba da bugawa. Jikin Baba ya yi nauyi. Muna ta addu'a. Lawan, ka nemi wuri ka zauna. Allah ya karɓi abinsa.

"Kana gamawa ka bar min gidan nan," in ji Shef. "Ba ka da aiki."

"To, Mushe. Saura ta'aziyyar."

Ya buga ta duka, har da ta maƙwabta. Sannan ya ɗauki hularsa ya fita, ya ce wa Hajjo, "Iya, ya ji. Mu je, kada a kai Baba ba mu."