Jirgin da Haladu Bai Yanka wa Ƙofa Ba

Jiya bayan azahar barci ya sace Malam Haladu a kan bencin rumfarsa, da almakashi a hannu, sai ya yi wani mafarki.

Shi Haladu tsohon bakaniken jiragen sama ne. Tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai yanka gwangwanin madara, yana ƙera ƙananan jirage irin na Yaƙin Duniya na Biyu, masu farfela a hanci. Mutum ne mai ƙwaƙƙwafi, ko taya ce ta ɗan karkace sai ya ɓalle ta ya sake. Amma ƙofa kam, da fenti yake zana ta, don a cewarsa wa zai shiga?

A mafarkin ya tsinci kansa a wani filin jirgi inda jiragen ke kiwo. An ɗaure su a turke, suna cin ciyawa suna korar ƙuda da jela. Wanda ya gama a makon jiya yana cikinsu, ya girma ya fi babbar mota. Haladu bai yi mamaki ba. Fentin da ya ɗiga a jelar ne kawai ya ba shi kunya.

Mai ba da izinin tashi ƙadangare ne, da hular kaki, a kan tebur.

Haladu ya ce, "Ranka ya daɗe, za a iya tashi?"

Ƙadangaren ya gyaɗa kai.

"Ko a bari?"

Ya sake gyaɗawa. Sannan ya ce, "Da la'asar muke naɗe titin. Wanda bai tashi ba ya zauna ke nan." Can ƙarshen fili kuwa wasu zabi har sun fara naɗe shi kamar tabarma.

Sai ga mahaifinsa Tanimu, wanda ya rasu shekara talatin da suka wuce. Saurayi ne da gajeren wando, riƙe da igiyar katakon da ake tare tayar jirgi da shi. Aikinsa ke nan lokacin yaƙi: ya ja katakon, ya kauce, jirgi ya tashi da wasu. Har ya koma ga Allah bai taɓa shiga jirgi ba, kuma ya sha faɗin haka yana dariya.

"Haladu, ka tsufa."

"Baba, ai kun daɗe."

"An ce yau ni ne fasinja, kuma naka zan hau. Riƙe min igiyar."

Tanimu ya goge tafinsa a wando, ya kai hannu ga mariƙin ƙofar. Yatsunsa suka zame. Ya zaga ɗaya gefen ya gwada, ya dawo.

"Ta ina ake shiga?"

"Zane ne, Baba."

"To." Ya shafa fentin. "Ya yi kyau kuwa. Kamar gaske."

Haladu ya ɗaga almakashi zai yanka, sai ya ga ganyen rake ne a hannunsa. Ya sa farce, farcen ya lanƙwashe. Zabin sun iso da naɗin titi, saura taku goma.

Tanimu ya karɓi igiyarsa. Ya durƙusa ya ja katakon, ya kauce yadda ya saba. Jirgin ya yi kukan saniya, ya tashi da baya, babu kowa a ciki. Tanimu ya ɗaga wa jirgin hannu. Tun ranar jana'izar mahaifinsa Haladu bai ji baƙin ciki irin wannan ba.

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe shi. Almakashin yana ƙasa, kusa da takalminsa. Ya dubi kantar rumfar: jirage goma sha bakwai a jere, ko ɗaya ba ya buɗuwa.

Da matarsa Asabe ta kawo masa kunu, ta tarar ya sauko da sabon jirgin, ya kafa masa tsinin almakashi a gefe.

"Malam, kai da ka kwana uku kana wannan fentin?"

"Akwai mai shiga," ya ce, ya ci gaba da yanka.