Hankakan da Issufu Bai Yanka Ba

Ina da wani ɗan hali da ba na alfahari da shi: in na ga mutum na aikinsa sai na sa baki, ko ban san kan aikin ba. Abin da ya samu Issufu mai fenti, da bakina a ciki.

Issufu ne ke zana allunan shaguna a Malanville. Duk mai rai da ya zana, kifi ne ko raƙumi, sai ya ja masa siririn jan layi a wuya. Tun yana saurayi malaminsa ya gaya masa: wanda ya zana halitta cikakkiya, ranar gobe kiyama za a ce ya hura mata rai. Yankakkiya kuwa ba a tambayarta. Shekara ashirin bai tsallake wuya ko guda ba.

Sai Abdurazak mai gidan kallo, can kusa da tashar Gaya, ya kira shi ya nuna masa hoton wani baƙin hankaka cikin salula.

"Irin wanga nika so bisa katanga, na fim ɗin Turawa, mai sauka kan kabari."

"Wanga ai gawayi ne," in ji Issufu. "Namu da farar riga yake yawo."

Namu ya zana, ya fi mutum tsawo. Ya tsoma buroshi cikin ja ke nan, ni kuma daga bencin mai shayi na ce, "Malam Issufu, mi za ka yanka? Ga farin wuya nan, an riga an raba mai kai da jiki." Aka yi dariya. Rana ta yi zafi, Issufu ya goge buroshinsa ya tafi gida.

Da safe hankaki uku na zaune bisa katangar, daidai kan zanen. Washegari goma sha ɗaya. Ba su kuka, abin da ya dame shi ke nan, don bai taɓa ganin hankaka mai shiru ba. In ya zo wucewa kan kekensa sai su juyo kai gaba ɗaya su raka shi da ido har kwana. Fenti ya bushe tuni, amma idon zanen na nan da danshi.

Ran kwana na biyar muryarsa ta dushe.

"Maigida, muryar wa ka aro?" in ji Barakatu matarsa. Ya buɗe baki zai ba ta amsa, abin da ya fito, kamar kukan hankaka, ya sa ta aje kwanon hannunta.

Shi dai ya gane. Ba a jira ranar gobe ba, rai ake nema wa zanen tun yanzu, kuma guda ɗaya gare shi.

Ran Juma'a da hantsi ya ɗauko tsani.

"Kai, kar ka ɓata min kaya!" Abdurazak ya taso. "Don tsuntsayen nan ake cika min gida!"

Issufu bai juyo ba. Ya hau har fuskarsa ta kusa taɓa ƙafafunsu. Ƙarni ya cika masa hanci. Ko ɗaya bai motsa ba, sun dai sunkuyo suna kallon hannunsa. Ya yi bismilla kamar mai yanka rago, ya ja layin. Jan ya zubo kan farin ƙirjin har ƙasa.

Washegari katangar wayam. Bayan kwana biyu muryarsa ta dawo. Abdurazak bai sake gaishe shi ba. Ni kuwa na daina ba da fatawa har kusan mako guda.

Arziki mai gyaran kifi, wadda ke zubar da hanji bayan katangar nan tun ranar da aka yi zanen, ran wannan Juma'ar ta koma garinsu, Garou.