Farin Ƙwai a Ɗakin Mai Jego

Sallau ya murɗa ƙwan lantarkin a jikin allon gwajin da ke rataye bayan kantarsa, wani farin haske ya watsu a shagon har sai da Cha'ibu ya runtse ido.

"Ka gani ko, angon ƙarni? Wat tara kawai yake sha. Naku na gida sittin ne, rabinsa ma zafi yake bayarwa, ba haske ba."

"Ni dai ka ba ni irin wanda na saba," in ji Cha'ibu. "Mai wayar nan a ciki."

"Wa yake sayen wannan yanzu? Sai tsofaffi da masu kiwon 'yan tsaki. Kai da kake Kano ai kai ya kamata ka zo mana da labarin ƙwan zamani na led, ba mu za mu koya maka ba."

Cha'ibu ya jingina da kantar. Ba shi da ƙarfin gardama. Tun asuba ya baro Kano, inda yake ci-rani wajen magina, yana ɗaukar bulo da kwaɓa siminti. Kwana shida ke nan da matarsa Basira ta sauka, amma maigidan aikin ya ce babu mai motsawa sai an gama zuba kankare. Jiya aka gama. Ya iso Matameye gab da azahar, ƙafafunsa a kumbure don zaman mota. Ya leƙa ɗakin mai jego, aka miƙo masa jaririya cikin zane, bai ma gama kallonta ba mahaifiyarsa, Inna Indo, ta fara jero masa aike. Gobe suna. Goro bai isa ba, itace ma haka, ragon da ƙaninsa Inusa ya zaɓo sai an je an gani, ga ƙwan tsakar gida ya mutu tun shekaranjiya, mata kuwa aikin abinci za su yi har bayan isha.

Sallau ya ciro wani ƙwan daga kwali, ya murɗa shi kusa da na farko.

"Iri biyu ne. Ga fari, ga mai ruwan ɗorawa irin na da, don waɗanda idonsu ya saba. Duka ba sa cin kuran. Faktir ɗinku na kuɗin wuta zai sauko, Inna ta huta da yi wa mutane faɗa a kashe wuta."

"Har nan ake jiyo ta?"

"Har tasha."

Cha'ibu ya yi 'yar dariya a gajiye. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Da don ta shi ne, wanda ya fi kusa da hannu zai ɗauka ya wuce. Sai ya tuna matan da za su zauna tsintar shinkafa da dare, da yadda tsakuwa take ɓuya a cikin rawayan haske.

"Ba ni farin. Guda huɗu."

"Ka huta da sayen ƙwai sai yarinyar ta shiga lakwal karatun boko," in ji Sallau yana ƙulla leda. "In ya mutu kafin nan, ka dawo ka zage ni."

La'asar ta yi kafin ya gama da goro da itace ya koma gida. Tsakar gidan cike take da mata, wasu na daka, wasu na wankin tukwane, ga katuwar tukunyar ruwan wankan jego tana tafasa a kan murhu. Suka yi masa caa da tsiya, wannan ta ce ina tsarabar Kano, waccan ta ce ango ya rame. Ya hau benci ya sauya na tsakar gida, ya sauya na zaure. Da ya nufi ɗakin Inna sai ta tare ƙofa.

"Nawa lafiyarsa lau. Kada ka sa mini wannan abin mai kama da na ɗakin likita."

Bai ja ba. Ya ɗaga labulen ɗakinsu ya shiga.

Tun ranar da aka dawo da Basira daga wajen haihuwa Inna ta toshe tagar da tsohuwar tabarma, ta ƙara da zane a kai, don kada sanyi ya shigi mai jego. Jaririya kuwa ko bakin ƙofa ba a kai ta ba, don ba a fita da jinjiri sai ya sami suna. Ɗakin ɗumi, ga ƙamshin turaren wuta da na kunun kanwa. Tsohon ƙwan yana kunne dare da rana, hayaƙin garwashi ya dusashe shi, komai na ɗakin ya zama launi ɗaya, bango da zannuwa da fuskar mutane.

"Sannu da hanya, Baban Habibu," in ji Basira daga kan gado, da sunan ɗansu na fari take kiransa. "Ko ruwa ba ka sha ba."

"Bari in gama wannan."

Ya naɗe hannunsa da hankici don ƙwan ya yi zafi, ya kwance shi. Ɗakin ya yi duhu ɗif. Ya laluba ya murɗa sabon.

Abin da ya fara gani shi ne baƙin hayaƙi a rufin ɗaki, da wata tsaga a bango da bai san da ita ba. Sannan fuskar Basira, idanunta sun faɗa. Sannan ya dubi jaririyar da ke barci a gefenta, ya tsaya da tsohon ƙwan a hannu.

Fuskarta rawaya ce. Goshi, kumatu, har ɗan ƙirjin da ya leƙo ta bakin zane, kamar an shafa mata kurkum.

"Basira, haka take?"

Basira ta sunkuya ta duba. Ta janye zanen daga ƙirjin yarinyar ta sake dubawa.

Inna ta shigo da kwanon kunu, ta kare ido da tafin hannu.

"Wannan wane irin haske ne kamar za a yi wa mutum fiɗa?"

"Inna, ki dubi yarinyar nan."

Ta duba. Ta ajiye kwanon.

"Ƙwanka ne. Ni ma da ka dube ni a cikinsa ai sai ka ce ciwo nake. Kwana shida ina yi mata wanka safe da yamma, ban ga komai ba, sai kai da ka sauka daga mota ɗazu? Cire shi ka mayar da na mutane."

Ya cire. Ya mayar da tsohon. Ɗakin ya koma yadda yake, jaririyar ta koma jawur kamar kowane sabon haihuwa, tana barcinta, bakinta a ɗan buɗe.

"To ka gani," in ji Inna.

Cha'ibu ya zauna a bakin gado. Zaman farko ke nan da ya yi tun da ya sauka daga mota, sai ya ji duk gaɓoɓinsa sun saki. Ɗumin ɗakin ya lulluɓe shi. A cikin wannan hasken babu abin da ya sami kowa. Ya bar shi haka, ya sha kunu, ya miƙe ko na rabin awa ne. Gobe a yi suna, jama'a su watse, jibi in akwai abin dubawa a duba. Ai Inna ta goyi bakwai. Idonsa ya fara lumshewa.

"Tun jiya ba ta kama nono sosai," in ji Basira, murya ƙasa-ƙasa, ba ta dubi kowa ba. "Sai na tashe ta. Ta tsotsa kaɗan ta koma."

"Haƙuri gare ta," in ji Inna. "Wasu kuka suke hana mutane barci, ke an ba ki mai haƙuri kina ƙorafi."

Cha'ibu ya miƙe da ƙyar. Bai taɓa ƙwan ba. Ya nufi taga, ya yaye zanen, ya fizge tabarmar.

"Kai! Iska za ka sa mata?"

Ranar la'asar ta faɗo a kan gado. Daga waje ana jin lugude da dariyar mata.

Inna ce ta ɗauki jaririyar da kanta ta matsa jikin taga. Ta danna ɗan hancin da yatsa ta saki, ta buɗe fatar ido, ta juya tafin ƙafa. Ta daɗe tana kallo.

"Ciwon shawara ne," ta ce daga ƙarshe, muryarta ta sauka. Sai kuma ta ɗago. "Akwai saiwar da ake jiƙawa. A bari a yi suna tukuna. Ina za a kai yarinya ba suna? In an tambaye ku wa kuka kawo, ku ce wa?"

Cha'ibu ya jingina tabarmar da bango. Da ya waiwaya sai ya ga Basira ta riga ta sauko daga gado, tana dafe da bango, tana neman hijabinta a cikin kwalla. Shekara takwas da aurensu bai taɓa ganin ta motsa Inna na magana ba.

Inna ta dube ta, ta dubi jaririyar. Ta kwance mayafinta ta ƙara naɗe yarinyar da shi. Sannan ta ɗaga matashi ta ciro 'yar wuƙar da ake ajiyewa a wajen kan jinjiri don tsari, ta soke wa Basira a ƙugu.

"Ku bi ta ƙofar baya. Ni zan san abin da zan gaya wa mata."

A gidan likita, malamar jinyar da ta karɓe su ba ta ɓata lokaci ba. Ta tuɓe jaririyar, ta duba har tafin ƙafa, ta ɗauki biro.

"Sunanta?"

"Sai gobe," in ji Cha'ibu.

Ta rubuta wani abu ba ta ɗago ba. "Ya sauko har ƙafa, ga shi ba ta shan nono. Damagaram za ku kai ta, yau, ba gobe ba. Akwai fitilar da ake kwantar da su a ƙarƙashinta, kwana biyu ko uku."

"Fitila kuma?"

"Fitila, Malam. Ku hanzarta kada motar ƙarshe ta tashi."

Suka same ta saura mutum biyu, wata tsohuwar ƙaramar bas da aka lafta wa buhuna a sama. Aka matsa wa Basira jikin taga. Cha'ibu ya zauna da rabin jiki a kan kujera, gwiwarsa na gugar ƙarfe. Sun fita daga gari ke nan, rana na shirin faɗuwa, wayarsa ta yi ƙara. Inusa ne.

"Yaya, Inna ta ce ba za a ɗaga ba. An riga an gaya wa mutane, Liman zai zo bayan asuba, ni zan tsaya. Wane suna zan raɗa masa?"

Sunan yana bakin Cha'ibu tun a Kano, bai gaya wa kowa ba, ko Basira. A kunnen Liman ya kamata a fara jin sa. Ya sunkuya, ya kare baki da hannu, ya faɗa a hankali.

"Me? Ba na ji, Yaya, ƙarar mota!"

Ya sake faɗa.

"Wa? Ɗaga murya, layin yana yankewa!"

"Hafsatu! Na ce Hafsatu!"

Duk wanda ke cikin motar ya ji. Basira ta sunkuyar da kai a kan jaririyar, kafaɗunta suka fara motsi. Sunan mahaifiyarta ne, wadda ta rasu bara da damina.

Wani dattijo mai farin rawani a kujerar gaba ya juyo, ya dubi ƙunshin mayafin, ya dubi Cha'ibu.

"Ba a yi sunan ba?"

"Sai gobe, Baba. Likita za mu kai ta."

"To ai mun riga mun ji. Allah ya raya Hafsatu, ya ba ta lafiya. Jama'a, Fatiha."

Hannuwa suka tashi daga kowace kujera. Direba ma ya ɗaga ɗaya, ɗayan yana kan sitiyari.